Ma'anonin kalmar "raise" a Turanci da bambancinta da "rise"

"Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ma'aikaci ne a sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma, kuma ina ƙoƙarin gyara Turancina. A makaranta an koya mana cewa 'raise' ɗagawa take nufi, amma a ofis sai in ji an ce 'raise a voucher', a jarida in ga 'raise funds' da 'raise alarm', wani abokina kuma ya rubuta 'I was raised in Katsina'. Shin duk kalma ɗaya ce? Sannan mene ne bambancinta da 'rise', domin kullum ina rikita su?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Abu biyu ka tambaya: ko wannan kalma da kake haɗuwa da ita a ofis da jarida da hirar abokai guda ɗaya ce, da kuma yadda za ka raba ta da 'yar'uwarta "rise". Amsar ta farko ita ce e, kalma ɗaya ce, kuma duk ma'anonin nan da suka yi maka kama da bare daga tushe ɗaya suka fito, wato wani ya sa wani abu ya tashi. Zan fara da tambayarka ta biyu, domin idan ta zauna maka daram, ta farkon ba za ta yi wuya ba.

Tashi da tayarwa

Bahaushe yana da sa'a a wannan babi, domin harshensa ya riga ya koya masa abin da ake bukata tun yana ƙarami. Muna cewa yaro ya tashi, amma uwa ta tayar da yaro. Muna cewa baƙo ya zauna, mai gida ya zaunar da shi. Mara lafiya ya kwanta, likita ya kwantar da shi. Akuya ta fita, yara sun fitar da ita. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, aikatau na farko yana nuna abin da mutum ko abu ya yi da kansa, na biyun kuma yana nuna cewa wani ne ya sa shi ya yi. To, "rise" ita ce tashi, "raise" kuwa ita ce tayarwa. Tsohon Turanci yana da irin wannan tsari, sai dai shi ba ƙari yake yi a ƙarshen kalma kamar yadda muke yi ba, wasalin ciki yake sauyawa. Kalmomi kaɗan ne masu irin wannan dangantaka a Turancin yau, kuma duk suna wahalar da masu koyo: "sit" da "set", "lie" da "lay", "fall" da "fell" (mai nufin kayar da itace), sai kuma "rise" da "raise".

A harshen masana nahawu, "raise" aikatau ce so-karɓau, wato dole ne a ambaci abin da aikin ya faɗa wa, ita kuwa "rise" ƙi-karɓau ce, ba ta ɗaukar komai a bayanta. Gwajin da nake ba ɗalibaina shi ne su tambayi kansu "me?" da zarar sun rubuta aikatau ɗin. Idan ka ce "The teacher raised", mai sauraro zai jira ya ji me malamin ya ɗaga, hannu ko murya ko wata magana, don haka jumlar ba ta cika ba. Idan kuwa ka ce "The sun rose", rana ta fito ke nan, babu abin da ya rage a tambaya. Haka hayaƙi yake tashi, kogi ya cika ya taso, jama'a su miƙe tsaye idan alƙali ya shigo, duk da "rise" ake faɗinsu. Har ma a kotu, idan an ce "the court rose", daidai yake da yadda muke cewa kotu ta tashi.

Sigoginsu na lokaci ma sun bambanta, kuma a nan ne kurakurai suka fi yawa a takardun da nake dubawa. "Raise" tana bin ƙa'idar da aka saba: "raise", "raised", "raised". "Rise" kuwa ba ta bi: "rise", "rose", "risen". Saboda haka "They rose the flag" kuskure ne, daidai shi ne "They raised the flag", kamar yadda za ka rubuta idan kana ba da labarin ɗaga tutar Nijeriya ranar 1 ga Oktoba, 1960. Haka nan "The price has raised" kuskure ne, sai dai ka ce "The price has risen" ko "The price has been raised". Akwai ta uku da ke shiga tsakani, wato "arise", mai sigogin "arose" da "arisen". Ita ma ƙi-karɓau ce, amma yau an fi amfani da ita ga matsala ko dama ko bukata da ta taso, shi ya sa a takardar bayanan taro kake ganin "matters arising", abubuwan da suka taso daga zaman da ya gabata.

Dalilin da ya sa kalmomin biyu suka yi kama amma ba su tafiya a kan ƙa'ida ɗaya yana cikin tarihinsu. "Rise" asalinta tsohon Turanci ne. "Raise" kuwa aro ce daga harshen mutanen arewacin Turai, 'yan yankin Denmak da Norwe na yanzu, waɗanda suka mamaye arewaci da gabashin Ingila tun daga ƙarni na 9 suka zauna a can. Kalmarsu ita ce "reisa", kuma ta bayyana a rubutun Turanci wajen shekarar 1200. Daga wurin waɗannan mutane ne kuma Turanci ya samo kalmomi na yau da kullum irin su "take" da "sky" da "egg" da "they". Turanci yana da tasa kalmar ta tayarwa tun kafin zuwansu, ita ce ta zama "rear" a yau, amma baƙuwar ta ƙwace mata yawancin aikinta, ta bar mata reno da kiwo da 'yan wurare kaɗan.

Akwai kuma wani dalili na rikicewar da ya shafe mu mu kaɗai, kuma ina ganin shi ne babba. Wanda ya fara koyon karatun boko da Hausa, idan ya ga haruffan r, a, i a jere, bakinsa zai furta su kamar kalmarmu ta "rai". Da wannan furuci, sai ya karanta "raise" da sautin da Bature yake faɗin "rise", kalmomin biyu su zama ɗaya a kunnensa, daga nan kuma su zama ɗaya a alƙalaminsa. Gyaran shi ne ka tuna cewa farkon "raise" ya fi kusa da farkon kalmar "reza", ita kuwa "rise" ita ce mai sautin "rai". Dukkansu da sautin z suke ƙarewa, domin idan ka ƙare su da s, ka koma "race" da "rice", tsere da shinkafa. Ka kuma kiyayi "raze", wadda furucinta ɗaya ne sak da "raise" amma ma'anarta rushewa ko ƙonewa ƙurmus, kamar yadda kake gani a kanun labarai idan gobara ta ci kasuwa.

An ƙara ko ya tashi?

Ma'ana ta farko, ta ɗaga abu sama, ka riga ka san ta: ɗaga hannu a aji, ɗaga kai, ɗaga ido, ɗaga tuta. Abin da zan ƙara kawai shi ne cewa idan abu mai nauyi ne da ake sa ƙarfi a cicciɓe shi, kamar buhun masara, "lift" ta fi dacewa, kuma ba a bukatar "up" bayan "raise" a maganar yau da kullum. "Raise up your hand" da yara suka saba ji a firamare ana gane ta, amma "raise your hand" ta wadatar.

Daga ɗaga abin da ake gani da ido, kalmar ta wuce zuwa ɗaga adadi ko matsayi: farashi, haraji, albashi, kuɗin makaranta, kuɗin ruwa, ingancin aiki. A nan fassararta a Hausa ita ce ƙarawa. A watan Fabrairun 2020 gwamnatin tarayya ta ƙara harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka saya, daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari, a watan Yulin 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ƙara mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000. Duka biyun "the government raised" za a rubuta, domin an san wanda ya yi ƙarin.

Ina so ka tsaya a nan ka lura da kyau, domin zaɓen ɗaya daga cikin kalmomin biyu yana ɗauke da hukunci, ba batun nahawu kaɗai ba ne. Idan ɗan jarida ya rubuta "Petrol prices rose", ya ce farashin man fetur ya tashi, kamar abin da ya faru haka kawai, bai ɗora wa kowa ba. Idan ya rubuta "Marketers raised petrol prices", ya nuna wanda ya yi, 'yan kasuwar mai ne suka ƙara. Idan kuma ya rubuta "Prices were raised", ya yarda cewa akwai hannun wani, amma ya ɓoye sunansa, daidai da yadda muke cewa "an ƙara kuɗin mai". Kai da kake aiki a sashen kuɗi, wannan bambanci zai iya zama mai muhimmanci a rahoton da za ka sa wa hannu. "The cost of the project rose" da "The contractor raised the cost of the project" labari biyu ne daban, kuma mai binciken kuɗi zai yi maka tambayoyi daban a kan kowanne. Na sha gaya wa masu koyon aikin fassara cewa kada su mayar da "rose" zuwa "an ƙara", kada kuma su mayar da "raised" zuwa "ya tashi", domin yin haka ko dai ya ƙirƙiri mai laifi ko ya wanke shi.

Idan aka zo ga ƙarin albashi a matsayin suna, Amurkawa suna cewa "a raise", mutanen Birtaniya kuma "a rise" ko "a pay rise". Tunda makarantunmu da jarrabawar WAEC da NECO sun fi bin tsarin Birtaniya, ka riƙe na biyun a rubutu, ko ka yi amfani da "salary increase" wadda babu mai musu a kanta.

Tara kuɗi da takardun ofis

"Raise funds" ko "raise money" da kake gani a jarida ba ƙara kuɗi take nufi ba, tara su take nufi daga hannun mutane domin wata bukata: gidauniyar gina masallaci ko asibiti, karo-karon da 'yan unguwa suke yi don gyara taransfoma, ko kamfani ya sayar da hannun jari don ya sami jari. Ba ta nufin adanawa, don haka wanda yake jefa 'yan kuɗinsa a asusu a hankali "save" yake yi. A kan wannan ma'ana ce ake cewa "raise an army", tara mayaƙa a kafa runduna.

Labarin bankunan Nijeriya ya haɗa ma'anonin biyu a wuri ɗaya, shi ya sa nake son kawo shi a aji. A shekarar 2004, lokacin da Charles Soludo yake gwamnan Babban Bankin Nijeriya, an ƙara mafi ƙarancin jarin da ake bukata daga kowane banki daga naira biliyan 2 zuwa naira biliyan 25, aka ba su zuwa ƙarshen 2005 su cika. A Turanci sai a ce "The Central Bank raised the minimum capital, so the banks had to raise capital". Ta farko ƙarawa ce, ta biyu tarawa. Waɗanda suka kasa tarawa su kaɗai sun haɗe da wasu, har bankuna 89 suka koma 25. An sake irin wannan a watan Maris na 2024, inda aka kai jarin bankunan da ke da lasisin hulɗa da ƙasashen waje zuwa naira biliyan 500. Abin da ke raba maka ma'anonin shi ne sunan da ya biyo bayan aikatau ɗin: idan ma'auni ne ko iyaka, kamar "minimum" ko "rate" ko "price", ƙari ne, idan kuɗin ne kansu, tarawa ce.

"Raise a voucher" da kake ji a ofishinku Turanci ne ingantacce na ma'aikatan kuɗi, mun gaje shi daga tsarin aikin gwamnati da kasuwanci na Birtaniya, inda har yau ake cewa "raise an invoice" da "raise a purchase order". Ma'anarta a shirya takardar a fitar da ita bisa ƙa'ida, a ba ta lamba, a sa ta a hanya domin a biya. Kafin ka cika bocar nan babu ita, kai ne ka samar da ita, ka tayar da maganar biyan. Sai dai ka sani cewa wannan salo na cikin ofis ne. Ba a cewa "raise a letter" ga wasiƙar da za ka aika wa ɗan'uwanka, "write" za ka ce.

Reno, kiwo da noma

Abokinka ya rubuta daidai. "I was raised in Katsina" tana nufin a Katsina aka rene shi, ko kamar yadda muka fi faɗa, a Katsina ya tashi. Ka ga yadda Hausa ma ta ɗauki girman yaro a matsayin tashi. Amma a nan dole a yi hattara, domin Bature ba ya cewa "I rose in Katsina" da wannan ma'ana, kuma "I raised in Katsina" guntuwar jumla ce da ke jiran a faɗi wanda ka rena. Hanyoyin da suke daidai uku ne: "I was raised", wadda Amurkawa suka fi so, musamman a cikin "born and raised", haifaffe kuma tasasshen wuri, "I was brought up", wadda ta fi yawa a Birtaniya kuma ta fi karkata ga tarbiyya, sai "I grew up", wadda ke nuna girman kawai ba tare da ambaton mai reno ba. Idan za ka yaba wa gwauruwar da ta riƙe marayunta har suka zama mutane, "She raised five children alone" za ka ce, kuma kalmar ta ƙunshi ci da sha da sutura da tarbiyya gaba ɗaya. Mutanenmu sukan ce "She trained me" a wannan wuri, amma a kunnen Bature wannan horo ne a kan wata sana'a ko aiki.

Haka kalmar take aiki ga dabbobi: "raise cattle", "raise chickens", kiwon shanu da kiwon kaji, inda "rear" ma take shiga, kuma ita ce littattafan aikin gona na makarantunmu suka fi amfani da ita. Ana faɗinta ga amfanin gona ma, amma "grow" ta fi sauƙi kuma ta fi yawa.

Tayar da magana

Rukuni na gaba shi ne wanda za ka fi bukata a taro da rubutun ofis. "Raise a question", "raise an issue", "raise an objection", "raise concerns", duk suna nufin kawo magana a gaban jama'a domin a duba ta: tayar da batu, nuna rashin amincewa, bayyana damuwa. Ɗan majalisa da ya ga an saɓa ƙa'idar zama yakan miƙe ya yi abin da ake kira "raise a point of order". Akwai ɗan bambanci tsakanin "ask a question" da "raise a question". Ta farko mutum ne yake tambaya yana jiran amsa. Ta biyu kuwa ko abin da ba shi da baki yana iya yin ta, misali "The missing receipts raise questions", wato ɓacewar rasiɗan ta sa dole a yi tambaya, akwai alamar lauje cikin naɗi.

"Raise the alarm" ita ce cikakkiyar sigar abin da ka gani, ma'anarta ankarar da mutane game da haɗari, ko da ihu ne ko da sanarwa. Masu rubuta kanun labarai sukan yar da "the" don neman wuri, amma kai a cikin jumla ka mayar da ita. A wannan layi akwai "raise awareness", wayar da kan jama'a. "Raise hopes", sa wa mutane rai. "Raise doubts" da "raise suspicion", jawo shakku da zargi. Da "raise eyebrows", wadda asalinta ɗaga gira ne amma ake nufin abu ya ba mutane mamaki har sun fara ƙananan maganganu. "Raise your voice" ta yi daidai da ɗaga murya a Hausa har da ɓangaren faɗa da rashin ladabi, shi ya sa idan kana son mai magana ya ƙara sauti don a ji shi, "speak up" ta fi tsabta. A littattafan addini za ka ga "raise the dead", tayar da matattu, a darasin lissafi kuma "2 raised to the power of 3", wato biyu sau biyu sau biyu, takwas.

Inda kwatancen Hausa yake tsayawa

Kwatanta "raise" da tayarwa ko ɗagawa yana taimakawa wajen gane ginin jumla, amma yana da iyaka, kuma wajibi ne in nuna maka ita. Ba duk inda Hausa ta ce tayar ko ɗaga ne Turanci yake cewa "raise" ba. Tayar da mutum daga barci "wake" ne. Tayar da mota ko janareta "start" ne. Ɗaga waya idan an kira ka "answer" ne ko "pick up". Idan an ɗaga taro ko biki zuwa wani mako, "postpone" ne, idan alƙali ya ɗage shari'a kuma "adjourn". Na taɓa ganin ɗalibi ya rubuta "The meeting was raised to Monday", kuma duk Bahaushen da ya karanta zai gane abin da yake nufi, amma wanda ba ya jin Hausa ba zai fahimci komai ba. Ɗage dokar hana fita ko takunkumi "lift" aka fi cewa a yau. Wanda ya fi duka haɗari shi ne ɗaga hannu. Mu idan mun ce na ɗaga masa hannu, gaisuwa muke nufi daga nesa, wato "I waved at him". Amma "raise a hand to someone" ko "against someone" a Turanci yunƙurin duka ne, don haka mai son ya ce ya gaida maigidansa yana iya rubuta cewa ya yi niyyar marinsa.

Abin da na kawo maka shi ne amfanin da ya fi yawa a ofis da jarida da makaranta. Kalmar tana da wasu ma'anoni na musamman a wasan karta da aikin jirgin ruwa da sadarwar rediyo, waɗanda na bari domin ba su shafi aikinka ba. Shawarar da nake ba duk wanda ya zo mini da irin tambayarka ita ce ya daina haddace kalmar ita kaɗai, ya riƙa haddace ta tare da sunan da ke bin ta. Ka samu ƙaramin littafi, duk lokacin da ka ci karo da ita a jarida ko a wata takarda da ta zo teburinka, ka kwafe jumlar gaba ɗaya, ka ja layi a ƙarƙashin abin da aka yi wa aikin, sannan ka rubuta a gefe yadda Bahaushe zai faɗi wannan magana: ƙarawa ce, ko tarawa, ko reno, ko tayar da batu, ko fitar da takarda. Idan kuma kana rubuta taka jumlar ka rasa wadda za ka ɗauka tsakanin biyun, ka faɗe ta da Hausa tukuna a zuciyarka. In "ya tashi" ta fito daga bakinka game da farashi ko adadi, "rose" ko "has risen" za ka rubuta; in kuwa "sun ƙara" ko "an ƙara" ta fito, to "raised" ko "was raised" ce.